Shekarar da Gem Ya Kusa Raba Ni da Nafi'u

Nafi'u, Jidda, ku biyu nake rubuta wa wannan, don na gaji da jin labarina a bakin mutanen da ko kwana ɗaya ba su taɓa yi a gidana ba. Duk bikin da za a yi a garinmu sai an sami wadda za ta nuna ni da baki ta ce, ga ta can, wadda Abuja ta wanke wa ido, ta tsaya gaban uwarta tana jayayya a kan ɗan fari, har an ce wai gem take bugawa a waya kamar 'yar yarinya. To gem dai na buga, ban musa ba, kuma ban iya ba. Sauran kuwa bari in faɗa muku yadda aka yi, tun idona yana iya bin layin takarda. Ke Jidda kina ƙarama a lokacin, abin da kika riƙe kaɗan ne. Kai kuma Nafi'u, gangar jikinka ce kawai take gidan a shekarar nan, ban san abin da ka gani ba.

Ni ma 'yar fari ce. A gidanmu can ƙasar Katsina, Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Ba ta goya ni a gaban mutane ba, ba ta zaunar da ni a cinyarta ba, in za ta ba ni abu sai ta ajiye ta kau da kai. Haka ake yi wa ɗan fari a wajenmu, kunya ce, kuma uwar da ta fi kowa iya ta ita ake yabo. Amma wallahi ban tashi da ƙishin komai ba. Kakata tana nan, a ɗakinta nake kwana, cikin ƙanshin daddawa da man shanu. Ga gwaggonnina uku, ga matan kawunnaina, ga tsohuwar maƙwabciyarmu mai ce mini kishiyarta tana tsokanata. Daga zaure zuwa bakin rijiya sai an kira sunana sau goma. Abin da Inna ta ɓoye, gidan nan kaf ya biya ni shi.

Da Babanku ya kawo ni Orozo, nan gefen Abuja, sai na naɗo kunyar nan cikin kayana na taho da ita, na bar gidan a can. Ɗaki biyu da falo, katanga mai tsawo, ƙofar ƙarfe a rufe. Shekara goma sha ɗaya na yi ina jiran haihuwa a cikin katangar nan. Da Allah ya kawo ka, Nafi'u, sai na ji kamar a tsaga ƙirjina a saka ka a ciki a ɗinke. Amma me na yi? Abin da na ga an yi. Nono na ba ka, wanka na yi maka, ciwo na yi jinya, baki kuwa na kame. "Yaron nan" nake ce maka, ko "wancan". Maƙwabta sun so su riƙa ce mini Maman Nafi'u, na ƙi amsawa, sai da aka haifi ƙanwarka na zama Maman Jidda. Inna ta so a kai mata kai yaye, nisa ya hana. Babanku kuma daga sallar asuba yake fita don ya riga cunkoson Nyanya ya isa shagonsa na takalma da jakunkuna kusa da tashar Jabi, ba ya dawowa sai an yi isha'i. Babu kaka, babu gwaggo. Ta bayan labule nake leƙenka kana wasa kai kaɗai da murafen kwalba a tsakar gida, zuciyata cike fal, ina ganin ai ka sani.

Shekararka goma sha uku Babanku ya sake waya ya ba ka tsohuwar, wai makaranta suna turo aiki ta ciki. Da damina ne. Daminar Orozo kun san ta, duwatsun nan na bayan gari su yi kore shar, hazo ya sauko ya zauna a kansu har hantsi, ko'ina ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ni kuma sana'ata turaren wuta da humra, kullum gidan cikin hayaƙi mai daɗi yake. In na tuna watannin nan, ta cikin hayaƙin nan nake hango su. Ina ganinka a kusurwar falo kusa da soket, ka harɗe ƙafa, waya a kwance a hannu biyu, manyan yatsunka suna ta rawa, hasken yana sauya launi a fuskarka. Da farko har daɗi na ji. Na ce yaro ya sami abin da zai ɗebe masa kewa, ya huta da yawon unguwa.

Sannu a hankali ka riƙa janyewa daga cikinmu. Tuwo ya huce a gabanka, a ɗumama, ya sake hucewa. A kira salla, ka ce "yanzu", har a kira ta gaba. Fitsari ma sai ka matse shi kana jijjiga ƙafa don kada ka tashi. Idonka ya yi ja, wuyanka ya lanƙwashe, wandon makaranta ya fara zamewa daga ƙugunka. Duk ina gani. Amma sai in tsaya a bakin ƙofar kicin in fuskanci bango in ce:

"Jidda, gaya wa wancan abinci yana sanyi."

Kana taku uku da ni. Yarinya 'yar shekara tara na ɗora wa aikin uwa. Ranar da ta gaji da aike ta zare cajar daga bango, kai kuwa ka tashi ka hankaɗe ta, goshinta ya bugi hannun kujera ya fashe. Tabon yana nan, Jidda, kina rufe shi da ɗankwali. Na sha jin kina cewa mugunta ce irin ta Yaya. Ba shi kaɗai ya ture ki ba, da hannuna a ciki.

Babanku ya dawo ya ga jini, ya zare bel. Ya ƙwace wayar ya tafi da ita Jabi ya kulle a durowar shago. Muka ce shi ke nan, an kashe maganar. Ashe ba mu san komai ba. Kwana uku ka yi a kusurwar nan, ba waya, ba magana, ba kuka, ido a kan bango. Abin da ya fi tsorata ni yatsunka ne. Suna kan gwiwarka suna motsi su kaɗai, suna danna abin da babu. A rana ta huɗu na kasa jurewa. Ban iya zuwa in dafa kafaɗarka in ce me yake damunka ba, bakina bai san hanyar ba. Sai na ɗauki wayata na ajiye a kan taga, inda za ka gani, na shige ɗaki na ja labule. Haka Inna take ba ni abu. Ka ɗauka, ka saka a jakar Islamiyya, ka fita. Da magariba na tarar da ita a kan tagar, da zafinta kamar an sauke ta daga kan murhu. Kullum haka, ni ban ce ba, kai ba ka ce ba. Na ɗauka ƙauna nake nuna maka.

Wata guda ana haka, sai ga malamin Islamiyya ranar Lahadi ya yi sallama da Babanku a ƙofar gida, ya ce lafiya kuwa, sun daɗe ba su ga Nafi'u ba. Sakamakon boko ma ya fito, ka koma can ƙasa. Wannan karon Babanku bai taɓa ka ba. Ya tambaye ka wayar wa kake samu, ka ƙi faɗa. Ina tsaye a bayan labule, ban fito na ce tawa ce ba. Ya shigo ɗaki ya zauna a bakin gado, ya cire hula ya riƙe ta a hannu.

"Na yi waya da Inna," ya ce. "Ƙarshen zangon nan za ta zo a duba mata ido. In za ta koma, da shi za ta tafi. Can babu sabis sai an hau tudu. Ya yi noma da kawunsa, ya shiga makarantar garin. Ko kina da magana?"

Ina da magana mana. Shekara goma sha ɗaya na jira ka, a ce a ɗauke ka a kai inda sai shekara shekara zan gan ka? Kuma na san irin tafiyar nan. Yaron da aka kai wa kaka a shekarun nan ba ya dawowa ɗan gida, sai dai baƙo mai gaisuwa daga bakin ƙofa. Amma uwa ta buɗe baki ta nemi alfarma a kan ɗan fari? Ina aka taɓa yi? Na sunkuyar da kai na ce, "To." Saura mako biyar.

Kun tuna Mama Ladi, Bagwariyar nan da gonarta take bayan katangarmu, mai ɗaukar kaya a kafaɗa, wadda ranar Lahadi take wucewa coci da farin ɗankwali. Hausarta dai kun san ta, mace da namiji duk "ka" ne a wajenta, tun ina dariya har na saba. Ta shigo kawo mini sabuwar doya, ta tarar da ni zaune gaban kasko, garwashi ya mutu ban sani ba. Ta sauke kwaryarta ta zauna a kan turmi.

"Maman Jidda, yaronka yana gona na kullum fa. Ƙarƙashin ɗorawa, wajen da sabis yana kamawa. Ni ban kore shi ba, ba ya taɓa komai. Amma yana magana, yana dariya, kamar rediyo. A gidan nan ban taɓa ji muryansa ba."

Na ce ai miskili ne tun yana ƙarami. Ta dube ni ta daɗe.

"Shekara nawa muna tare, ban ji ka kira sunansa ko sau ɗaya ba. Na ce ko ba kai ka haife shi ba ne, ɗan mijinka ne."

Na yi dariya na fara yi mata bayanin al'ada, yadda ake kunyar ɗan fari, yadda abin yabo ne a wajenmu. Ta gyaɗa kai, ba ta musa ba. Sai ta ce:

"To ka gaya masa? Shi ya sani haka ne?"

Ta ɗauki kwaryarta ta fita, ta bar ni da doya a gaba. Wa zai gaya maka? Ni kakata ce ta gaya mini, tana taje mini kai, ta ce uwarki da kike gani in kin yi zazzaɓi ba ta barci. Kai kuwa babu wanda ya taɓa fassara maka shirun nan.

Washegari bayan la'asar an ɗauke ruwa, rana ta fito fara sol. Ka ɗauki wayar a kan taga ka fita, don ko bayan hukuncin Babanku kwana biyu kawai na iya ɓoye ta. Na zura hijabi na bi bayanka. Masarar Mama Ladi ta fi ni tsawo, ganyenta yana zubo mini ruwa a fuska, ƙasa tana riƙe mini silifa. Tururi yana tashi daga gonar kamar an yi mata turare. Tun kafin in gan ka na ji muryoyi suna fitowa daga wayar, yara ne, maza, kamar suna nan cikin masarar tare da mu.

"Nafi'u, ina kake? Zo ka tashe ni, sun harbe ni."

"Nafi'u, bayanka, bayanka."

Wani kuma da Hausarsa ta 'yan kudu, "Oga Nafi'u, kai ne kawai ya rage, kar ka mutu fa."

Sai na ji ka, da wata murya cikakkiya da ban san kana da ita ba, kana cewa su kwantar da hankalinsu ga ka nan zuwa. Ka yi dariya. Na tsaya a cikin masarar nan, ban san tsawon lokacin ba. Sunan da na zaɓa da kaina tun kana ciki, na raɗa wa Babanku shi a kunne, na kuma haramta wa bakina, ga shi wasu yaran da ban san iyayensu ba suna ta jifa da shi kamar ƙwallo. Kishi na ji, in gaya muku gaskiya. Kishi, sannan kunya, ba irin wadda na taho da ita daga gida ba.

Da ka hango ni sai ka zabura ka tura wayar ƙarƙashin cinya. Na ƙarasa na zauna a kan saiwar ɗorawar, kusa da kai har kafaɗarmu tana gogar juna. Rabon da mu zauna haka tun kana shan nono. 

"Nuna mini," na ce.

Ka dube ni kamar ba ka ji Hausa ba.

"Abin da kake gani a ciki. Nuna mini."

Ka fito da ita. Ikon Allah. Ashe duniya ce guda a ciki. Wani tsibiri ne a tsakiyar ruwa, ciyawa tana kaɗawa, sama ruwan hoda kamar gab da magariba, mutane suna saukowa daga jirgi da lema a hankali kamar audugar rimi. Ga gidaje babu kowa, ƙofofi a buɗe. Ka ce ku huɗu ne ƙungiyarku, ɗaya a Kaduna, ɗaya a Legas, ɗaya ma ba ka san garinsu ba. In an harbi ɗaya ya faɗi, sai wani ya zo ya durƙusa a kansa ya tashe shi, kuma kai ka fi kowa iya wannan. Ka miƙo mini ka ce in gwada. Na danna, mutumin nawa ya yi ta zagaya wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure, daga nan ya miƙe tiryan ya faɗa ruwa ya nutse. Ka yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, hawaye yana zuba, na bar ka a kan na dariya ne.

Na tambaye ka me ya sa ba ka iya ajiyewa.

"In ban shiga ba nemana suke yi, Umma. Sai su yi ta turo saƙo, ina Nafi'u, ina Nafi'u."

"A gida fa?"

Ka tsinki ciyawa kana murzawa.

"A gida ko ina nan ko ba na nan ai ɗaya ne."

Ba da fushi ka faɗa ba. Da ka yi fushi da ya fi mini sauƙi.

Daga ranar na daina ajiye waya a kan taga. Na wanke wata tsohuwar samira mai murfi na ɗora a kan teburin falo, na ce nan ne ɗakin wayar. Na dube ka ido cikin ido, abin da ban saba ba, na ce Islamiyya za ka koma, in ka dawo ka ci abinci, sannan a buɗe samira, kuma a falo za a buga, ina zaune. In an kira magariba a rufe. Ka ce lokacin ya yi kaɗan, 'yan ƙungiyarku za su sake ka. Na ce gaya musu Ummanka ce ta ce. Nakan ɗauko tiren shinkafa ina tsinta a gefenka, ina tambaya, wannan waye, me ya sa ka ɓuya, wancan ɗan Legas ɗin ya ci abinci kuwa da yake ta ihu haka? Ni ma sai da na sa wa kaina doka, don ba zan ɓoye muku ba, fina-finan da nake kallo a wayar nan in na kwanta da rana ba kaɗan ba ne. Kada ku ɗauka abin ya tafi sumul. Sau biyu ina samun samirar wayam. Sau ɗaya ka yi mini rantsuwa a kan ƙarya, na shiga banɗaki na sha kukana. Wata rana aka rufe samira kana tsakiyar wasa, ka daki bango har hannunka ya kumbura. Amma ka fara cin abinci da zafinsa. Ran nan ina kicin na ji kana ba Jidda labarin tsibirin, tana ta tambaya ko akwai kifi a ruwan. Babanku bai san komai ba, yana fita da duhu yana dawowa da duhu. Sau uku ina shirya maganar, in ya zauna cin tuwo sai in fasa.

Inna ta zo. Aka kai ta asibiti aka duba idon, aka ba ta magani da tabarau. Kwananta shida, a cikinsu babu gem a falo, na kai samirar ƙarƙashin gado don tsoro. Ta yi ta jan ka da wasa, mijina, angona, ka zo mu tafi in yi maka fura mai kyau. Kai kuwa ka koma kusurwarka. Ba ka roƙe ni ba ko sau ɗaya. Ka riga ka san amsar da nake bayarwa.

Ranar Asabar da safe Babanku ya samo tasi da za ta kai ku tashar Jabi. Ana yayyafi, duwatsun sun ɓace cikin hazo, kamar gari bai gama farkawa ba. Jakarka tana bakin ƙofa, sabuwa, daga shagonsa ya kawo ta. Ni na ninke kayan da ke ciki da hannuna. Inna ta fito da sandarta da sabon tabarau. Babanku ya sunkuya zai ɗauki jakar, sai ya ji ta ƙi tasowa. Ya duba. Hannuna ne a kan ɗaya maratayin. Ni kaina ban san lokacin da na isa wurin ba.

"Lafiya?" ya ce.

Na ƙara damƙe maratayin. Inna ta ɗago tabarau ta dube ni.

"Ke, saki jakar nan mana, mota na jira."

Na durƙusa a kan simintin da ya jiƙe, ban saki ba.

"Inna, ki yafe mini. Nafi'u ba zai je ba."

Sunan ya fito mini da ƙyar, kamar an cire ƙaya. Kana tsaye jikin ƙofar ƙarfe, na ga ka waiwaya bayanka tukuna, kana neman wanda ya yi maganar, kafin ka juyo gare ni. Yayyafi yana ta ƙara a kan kwano.

"Me na ji?" Inna ta ce a hankali. "A gabana? Ɗan fari?"

"Ɗana ne, Inna. Ba shi da kowa a gidan nan sai ni. Ni kin ba ni Kaka, kin ba ni su Gwaggo. Shi wa na ba shi?"

Na juya wajen Babanku na zazzage masa komai, wayar da nake ajiyewa a taga, ɗorawar Mama Ladi, samirar da ke ƙarƙashin gado. Na ce laifin da ya ɗora wa yaro rabi nawa ne, in korar ce sai a haɗa da ni. Na ce shi ma ranar Asabar ya riƙa tafiya da kai shago, ka ga yadda ubanka yake magana da mutane, in an tashi ku zaga bakin tafkin Jabi ku sha iska. Ban taɓa yi masa doguwar magana irin wannan ba. Ya daɗe yana kallona, ya kalle ka, mai tasi yana ta danna hon a waje. Sannan ya saki nasa maratayin.

"Zango ɗaya," ya ce. "In ya koma gidan jiya, ke za ki kai shi da ƙafarki."

Inna ta juya mana baya. Ta tattare zanenta ta wuce ta gabana ta shiga mota. Na bi ta ina Inna, Inna, ta ja ƙofa ta rufe. Ban gane ba sai daga baya. Ita ba rashin kunyar kaɗai ta ji ba. Ji ta yi na tsaya gaban surukinta na ce abin da ta yi mini shekara hamsin, tana danne zuciyarta don a ce ta iya, ba daidai ba ne. Ba haka nake nufi ba, Allah ya sani.

Zango ɗaya ya zama biyu, ya zama shekara. Ba rana ɗaya ka warke ba, kuma ban ce na raba ka da gem ba, har yau in ka zo hutu ina jin ka da abokanka. Amma ka koma kana ajiyewa in an kira ka. Ka dawo cikinmu da kaɗan kaɗan, da faɗuwa da tashi, har ranar da na ji ka kana yi wa wani mai sayen takalmi ciniki a waya da muryar nan ta ƙarƙashin ɗorawa, Babanku yana gefe yana murmushi.

Inna kuwa ba ta sake taka Abuja ba. In na kira, sai ta gaisa a taƙaice ta miƙa wa matar kawunku. In na je gida, ta karɓi tsarabata ta sa albarka, ta juya tana hira da wasu. Shekara uku muka yi a haka. Da ciwonta ya yi tsanani, kai ka raka ni, Nafi'u, ka tuna. Muka same ta a kwance a ɗakin Kaka na da. Ta kama hannunka ta riƙe gam, tana shafa kanka, tana cewa angona ya zama mutum, wa ya gyara mini kai haka? Na matso na durƙusa a gefen gadon na ce Inna, ga ni. Ta juyar da fuskarta wajen bango. Kwana biyu bayan nan ta cika.

Har yau ban sani ba, fushin ne bai huce ba, ko kuwa kunyar 'yar fari ce ta riƙe har ƙarshe, yadda ta iya ƙauna. Na tambayi kawunku, na tambayi gwaggon da ta rage, kowa da abin da yake faɗa mini don in ji sanyi. Wadda ta sani ta tafi da amsarta. Ina yi mata addu'a kowace salla, ina kuma kuka in abin ya taso mini, ba na jin nauyin faɗa muku.

Amma ku ji da kyau, don kada wani ya gaya muku na yi nadama. Uwata ce, ina son ta, kuma na rasa fuskarta saboda abin da na yi a safiyar nan. In aka mayar da ni bakin ƙofar, ga yayyafi, ga Inna da sandarta, ga mota tana jira, kuma an gaya mini abin da zai biyo baya tun daga farko har zuwa bangon da ta juya ta kalla, Nafi'u, ba zan saki jakar ba.